Na'urar da Ba Ta San Kunya Ba

Toranke, ranar Laraba.

Zuwa ga wan Fiddausi,

Bayan sallama, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Maƙwabcina Malam Tukur ke rubutawa, ni ke faɗa.

Yanar ido ta gama rufe mini gani. Jiya na hau babur zuwa Gaya, wurin likitocin da suka zo aikin ido kyauta. Wata ma'aikaciya ta zaunar da ni gaban kwamfuta, ta tambayi sunana da garinmu da ciwona, duk na faɗa. Sai ta nemi sunan babban ɗana, wanda za a kira in wani abu ya faru. Ka sani, tun da aka yanka maka rago bakina bai taɓa kama sunan nan ba. Uwarka ma har ta koma ga Allah ba ta faɗe shi ba. Na yi ta kewaye-kewaye. Wai sai na'urar ta gaji da jira, ta rufe, ta zubar da duk abin da na faɗa. Muka sake, ta sake zubarwa. Na ɗauki sandata, na dawo gida.

An ce kai ka haɗa abin. To, sannu.

Mahaifinka,
Gwadabe.

Toranke, ranar Litinin.

Wan Fiddausi,

Ina gaishe ka, ina gaida jikokina. Saƙonka ya iso. Ka ce na'urar ba ta ajiye rabin magana, ko ta shiga duka ko a fasa, don kada a yi wa wani aikin wani. Ka ce ka gano matsalar, ka ƙara mata haƙuri, yanzu za ta jira ni har in tuna. Yaro, ba mantawa na yi ba.

Tukur ya ce zai raka ni ya faɗa musu, na hana. Fiddausi ta ce a kira ka a waya, na hana. Ina da ɗa, kuma yana da ƙafa. Rabonka da Toranke tun zaman makokin uwarka.

Likitocin za su tashi ranar Juma'a. An ce gerona ya fid da kai, ni dai ban gani ba. Ka zo ka tsaya gaban na'urarka, ka faɗi sunanka da bakinka. In ba ka zo ba, duhu kam na saba da shi. Fuskarka ce ta fara ɓace mini.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Gwadabe.