Ranar da Na Tsayar da Sajo Gaban Alƙali

Daga ƙaninka Halliru a Maigatari, zuwa ga yayana Mu'azu a Kumashi. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a fataucin goronka, ya dawo mana da kai muna raye. Iya tana nan lafiya, sai ciwon gwiwa. Matata Laure ta sauka, an samu mace, an sa mata Zinariya.

Yaya, zauna sosai kafin a karanta maka sauran. Gonarmu ta Gagarawa ta dawo, har da rijiyar. Ka tuna shekara ashirin da suka wuce, ranar da Sajo, wakilin dagaci, ya ce gonar ta kakansa ce? Baba yana da gaskiya, amma da ya miƙe gaban jama'a sai harshensa ya sarƙe, Sajo ya riƙa kwaikwayon in'inarsa ana dariya. Baƙin cikin nan bai bar Baba ya ga wata damina ba. Daga nan Kawu Cindo ya ɗauke ni, kullum bayan la'asar sai ya tsayar da ni a zaurensa gaban dattawa, in ba da labarin kasuwar shanu daga farko har ƙarshe. In na yi tuntuɓe, ko na sunkuyar da kai, sai in sake. Kai kanka ka ce wahalar banza ce. To, da wannan bakin na zama mai magana da yawun dillalan Maigatari, da shi kuma na kayar da Sajo.

Bana ya so ya yi wa Hannatu, matar marigayi Haladu ɗan baffanmu, irin abin da ya yi mana. Ni na tsaya mata gaban alƙali a Gumel. Ban ɗaga murya ba. Na bar shi ya gama zuba, sannan na jero iyakokin gonarta, na kira shaidu da sunayensu. Da na ga ya fara share gumi, na roƙi alƙali ya tambaye shi zurfin rijiyar da ya ce kakansa ya haƙa a gonarmu. Ya ce gaba goma. Tsohon da ya haƙa ta tare da Baba yana zaune a wurin, ya rantse gaba goma sha bakwai ce. Aka aika aka auna, haka ta fito. Nan alƙali ya bar wa Hannatu gonarta, ya mayar mana da tamu.

Dagaci ya sallami Sajo daga wakilci. Sau uku Sajo yana aiko min dattawa neman gafara. Na ce su gaya masa sai ya tsaya tsakiyar kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya faɗi da bakinsa cewa ƙarya ya yi wa mahaifinmu Malam Ilu. Iya tana cewa in bar shi da Allah, ni kuwa zuciyata ba ta huce ba tukuna. Na ɗaga ranar har ka iso, don ina so ya faɗe ta yana kallon idonmu mu biyu. Ka taho kafin ruwa ya sauka, ka zo min da ɗanka Ɗantala, zaurena yana jiransa.

Ka gaida Yaya Murja da Baffa Dogo. Iya ta ce tana son ganinka ko ba goro.

Ƙaninka,
Halliru