Goron Gaisuwar Sarki

Yaya Mansuratu,

Ina gaisuwa. Yaya Mma da ƙafarta? Yaya mutanen Bawku?

Lafiya lau nake a gonar tumatir a ƙasar Sifen, sai dai zafi. Sau ɗaya na yanke jiki na faɗi, amma kada Mma ta ji.

Na shiga ƙungiyar ma'aikata, na kai goro in gai da sarkinsu kamar yadda muke yi a Zongo. Suka kwashe da dariya, wai ba su da shugaba, tare ake yanke shawara. Suka cinye goron suna yamutsa fuska.

Da mai gona ya hana mu hutun rana, muka ajiye aiki gaba ɗaya. Ya nemi shugabanmu don ya kore shi, bai samu ba. Yanzu a inuwa muke cin abinci.

Allah ya bar zumunci. Ki aiko goro da yawa, Yaya, nan kowa sarki ne.

Ƙaninki,
Sulley