Ranar da Tururuwa Ta Yi Fiffike a Saga

Harobanda, Yamai
Lahadi, bayan sujada

Ya ke Priska, ruwan farko a kan ƙasar da ta tsattsage, gawona mai ganye da rani sa'ad da kowace bishiya ta tuɓe, randar sanyi ta bayan ƙofa, muradin raina, Maman Na'omi! I, na rubuta shi, sunan nan da kowa ke kauce masa a gabanki kamar garwashi. Ni dai bakina ya ƙi koyon wani. Ina gaishe ki da sunan Ubangiji, ina gaida Inna da dukan mutanen gida a Dogondutsi. Wata tara ke nan rabona da fuskarki, kuma Inna ta ce har yau in kika ga salula a kan tabarma kewaye ta kike yi. Shi ya sa na ɗauki bik da takarda, ni da rubutun sunayen magunguna ya lalata wa hannu. Ki daure ki karanta har ƙarshe, don Allah, ko da daga nan murhu za ki jefa ta.

Kin tuna Lahadin da na fara ganinki? An kwana da ruwa, an fito daga sujada, kowa na tsallake taɓo yana kare takalminsa, sai ga wata budurwa durƙushe a tsakiyar hanya, bakin zanenta cikin laka, ta tare wa masu moto hanya. Na zaci jiri ne ya ɗebe ki. Na sheƙo da gudu da taƙamata ta majo, shugaban masu jinya guda, ina tambayar inda ke miki ciwo. Ko kallo ban ishe ki ba! Kika cafko hannuna, kika buɗe tafin, kika ɗora mini wata ƙatuwar tururuwa, kika ce in rufe baki in dubi tabon da ke gadon bayanta, inda fikafikai suka fita. Don in burge ki na ce ai Hausawa sun gama magana: in tururuwa ta tashi lalacewa sai ta yi fiffike. Wayyo hararar da na sha! Kika ce wanda ya yi karin maganar nan mazan kaɗai ya gani. Su ne ke tashi bayan ruwan farko mai ƙarfi, su sadu da matan a sama, su faɗo su mutu. Macen kuwa sauka take, ta karya fikafikanta da kanta, ta haƙa rami ta toshe, ta zauna cikin duhu ba ta cin komai har 'ya'yanta na fari su fito su kafa gari. Ita ce sarauniya. Ranar nan abincin rana ya wuce ni, zuciyata ma ta wuce ni, kuma ban nemi ko ɗaya ba.

Shekara bakwai ina kallonki kina jiran yini ɗaya tak a kowace shekara. Da watan Yuni ya kama sai ki zama wata iri: ki fita tsakar gida kina shinshina iska, ki tura yatsa cikin ƙasa ki ji iyakar inda laima ta kai. Kayen nan naki, littafin rubutu mai baƙin bango, wanda kike cikawa domin aikinki na jami'a, na haddace shi kamar littafin waƙoƙi: ranar ruwa, sa'ar tashi, inda iska ta dosa, gefen gonar wa aka samu sarauniya. Na haddace dokarki ta ajiye sarauniya ma. 'Yar kwalba, ruwa kaɗan, toshiyar auduga, sai duhu. Ba a buɗewa, ba a haskawa, ba a girgizawa, domin sarauniyar da aka dama takan cinye ƙwanta. Sau nawa kika buge mini hannu a bakin aljihun teburin nan da kike ɓoye kwalaben, kina cewa Majo sarkin allura, wanda bai iya ganin abu ya ƙyale ba? Kaico, masoyiyata! Da ma kin karya hannun tun a lokacin.

Yanzu zan shiga abin da ya sa na rubuto.

Bara, ranar Litinin da yamma, aka yi ruwan nan mai iska da ya tsinke wayoyin kuran, ba mu samu wutar sa wa salula ba. Talata da sassafe kika tsaya a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, za ki ƙetare gada zuwa Saga. Kika koma kika taɓa goshin Na'omi, 'yarmu, shekararta uku da wata biyu, kika ce jikinta da ɗumi. Kika ce ko ki fasa? Ni na tura ki. Na ce tururuwa ba za su jira ki ba, kuma gidan majo ne nan, zazzaɓi ya san inda yake wasa. Kika sa na yi alkawari cewa in zafin ya hau zan kira ki nan take, ki baro komai ki taho.

Daga nan abin da kika sani shi ne salularki ta mutu wajen ƙarfe goma sha ɗaya, Ado maƙwabcinmu ya je a kan moto yana nemanki gona gona har la'asar, kika iso asibiti da laka har gwiwa, kika tarar an riga an rufa mata zane. A barandar asibitin kika riƙe rigata kika tambaye ni tun yaushe nake kiranki. Na ce tun da safe.

Priska, ƙarya na yi miki.

Ƙarfe tara zafin ya hau, ma'auni ya nuna arba'in saura kaɗan. A lokacin salularki da ranta. Na ɗauki tawa, na nemo sunanki, sai na dubi sama na ga rana ta fito, iska ta kwanta, ƙasa na tururi, irin safiyar da kike roƙon Allah ya ba ki. Na san in kika ji muryata cewa za ki yi in kai ta asibiti yanzun nan, ki kuma bar tashin tururuwa ki taho, shekara guda ta tafi a banza. Sai na ajiye salular. Na ba ta siro, maganin zazzaɓi na ruwa, na jiƙa tsumma na shafe mata jiki, na ce a raina yara ɗari nawa na sauke wa zazzaɓi da hannun nan? Har na fara shirya yadda zan ba ki labari da yamma, ki yaba mini. Ban kira ki ba sai ƙarfe biyu, lokacin da jijjiga ta kama ta, idanunta suka juye. Awa biyar, hasken idona! Awa biyar 'yata na ƙonewa a cinyata, ni kuwa ina zaune a kan girman kaina. Da wani uba ne ya kawo mini yaro a wannan hali bayan awa biyar, da na wanke shi tas da faɗa a gaban jama'a.

Kalma uku na faɗa a barandar nan, kika ɗauke su kika aza a kanki, kina tafe da su shekara guda. Na ji ki da kunnena kina gaya wa Inna cewa ƙwari kika zaɓa a kan 'yarki, cewa tana nemanki ke kuwa kina durƙushe a gonar shinkafa. Ina tsaye a bayan labule, na haɗiye harshena. Wane irin namiji ne zai ga matarsa na nitsewa a kogin Isa, igiya na hannunsa, ya tsaya yana tsoron kada rigarsa ta jiƙe? Ga shi nan, shi ne yake rubuto miki. Ki ji ni da kyau, ki maimaita har ya shiga jininki: ba ki ƙi amsa kira ba, ba a kira ki ba ne. Ba ki da laifi ko na ƙwayar gero.

Kuma ban tsaya nan ba. A aljihun rigarki ta ranar akwai kwalba ɗaya da sarauniyar da kika samo. Kika ajiye ta a kan tebur ba ki sake waiwayarta ba. Na sa ta a aljihun tebur, sa'an nan na shiga buɗewa kullum, safe da rana, ina haska ta da tocila, ina ƙirga ƙwai, ina ɗiga mata ruwan sukari. Mako na uku na buɗe na tarar babu ƙwai ko ɗaya. Mako na huɗu ta naɗe ƙafafu ta mutu. Abin da na yi mata shi na yi miki. Kin roƙe ni in bar ki ke kaɗai a ɗaki, ni kuwa na cika gidan da mutane: yau matan zumunta da waƙoƙinsu, gobe fasto, jibi dangina daga Maraɗi. Bayin Allah, da zuciya ɗaya suka zo, ni ne na gayyato su da biyu. Kowa na cewa Gideyon akwai kula da mata. Kula ina! Tsoro nake ji gidan ya yi shiru, mu rage daga ni sai ke, ki ɗago ido ki sake yi mini tambayar nan. Wata uku kika jure, sa'an nan kika ɗaure kayanki kika shiga motar Dogondutsi, ko kayen ba ki ɗauka ba.

Tun daga ranar gidan nan ya zama kango mai ƙofa. Kofinki na nan a inda kika kife shi. Takalman Na'omi na roba suna ƙarƙashin gado, ina share kewayensu. In na wuce ta Babbar Kasuwa na hango irin atamfarki mai ruwan ganye a jikin wata, sai ƙafata ta tsaya da kanta, masu kura suna zagina. Ina kewarki, Priska! Ina kewar hararar nan, da laka a dugaduganki, da yadda kike magana da ƙwaro kamar ɗan'uwanki. Me ya rage mini a Yamai in ba ƙurar hanya da ƙarar mota ba? Da wa zan tuna yadda take kiran tururuwa 'yan aikin Mama, in ba da ke ba?

Ranar Alhamis da ta wuce aka yi ruwan farko na bana, mai ƙarfi, har rariyar unguwa ta cika. Juma'a da safe na nemi hutu a wurin aiki, na ɗauki kayenki da jakarki na ƙetare zuwa Saga. Malam Bala, tsohon nan da kike bin gefen gonarsa kowace shekara, ya gan ni ya daɗe yana kallona. Ya nuna mini tudun da kike tsayawa, ya ce in gaishe ki, ya ce gonarsa ta yi maraici. Goma da rabi suka fara fitowa. Ban taɓa gani da idona ba, kin sani, kullum ina wurin aiki. Ƙasa ta buɗe baki, suka yi ta ɓulɓulowa, suna hawa kan ciyawa suna tashi, tsuntsaye na kwasarsu a sama. Kafin azahar mazan sun zube a kan laka, fikafikai ko'ina. Na tsaya a tsakiyarsu na yi kukan da ban yi ba a makabarta. Sa'an nan na share ido na cika miki layin bana, da mummunan rubutuna a ƙarƙashin kyakkyawan naki. Layin bara na bar shi yadda kika bar shi, rabi a cike.

Wajen ƙarfe ɗaya na gan ta a kan gaɓar fadama, ita kaɗai, ba fiffike, tana sauri tana neman inda za ta haƙa. Na duba gadon bayanta, ga tabon. Na durƙusa cikin laka da wandon aikina na sa ta a kwalba kamar yadda kika koya mini, ruwa, auduga, na naɗe da baƙin ƙyalle. Da na iso gida na sa ta a aljihun teburinki, na kulle.

Ki girgiza ambulan ɗin nan, akwai ɗan nauyi a ƙasansa. Makullin ne. Yau kwana biyu ban gan ta ba, ban san ko ta yi ƙwai ba, ban san ko tana da rai ba, kuma Allah ya sani hannuna na ƙaiƙayi. Kin ce wajen kwana arba'in 'ya'yan fari ke fitowa, kuma daga nan sai an buɗe an ba su tsaba, in ba haka ba yunwa ta gama da su. To, kwanakin nan naki ne. Ba zan zo Dogondutsi ba, ba zan aiko fasto ba, ba zan kira Inna in tambayi ko kin ci abinci ba. Ban ce ki yafe mini ba, ban kai matsayin roƙon wannan ba. In kika ga za ki iya sake zama ɗaki ɗaya da mutumin da ya yi miki wannan, ki zo da makullin a hannunki ki buɗe, ni zan tsaya a waje. In ba za ki iya ba, ki ba direban da ya kawo miki takardar nan ya maido mini shi. Zan kai su Saga in sake su a gonar Malam Bala, in aiko miki kayenki, domin aikin naki ne ko da ni ko ba ni, kuma ba sai kin rubuta mini ko harafi ɗaya ba.

Ya ke ruwan farkona, na yi shekara ina riƙe da ke da ƙarya, yau na sake ki da gaskiya, na san kuma wataƙila sakin ke nan har abada. Duk ta hanyar da makullin ya dawo, babu wata mace da za ta kife kofinta kusa da naki, daga yau har ranar da za a kwantar da ni kusa da Na'omi. Makullin ɗaya ne tak, Priska, ban yanka na biyu ba.

Naki, mai jira a bayan ƙofa muddin yana numfashi,
Gideyon, Baban Na'omi