Ɗan da Kika Raina da Tsoron Mota

Aliero,
Fabrairu, 1993

Zuwa ga ƙanwata Iklima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ke da maigidanki da yara a can Ibadan. Mu nan kalau muke. Murjanatu ta yaye, albasa ta yi kyau bana, har Malam maigidana ya daina mita.

Hankalina dai ba a kwance yake ba, a kan ɗan naki da kika raina, wanda kin san bakina bai taɓa kiran sunansa ba. Ƙafar da ya karye lokacin da motar da yake tuƙawa ta kife a hanyar Maiyama ta warke sarai, Kalilu mai ɗori ya yi aikinsa. Amma da ya ji ƙugin babbar mota sai zufa ta karyo masa, numfashi ya sarƙe. Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi. Saboda tausayi muka hana kowa zancen haɗarin, ko Jega za shi sai ya bi ta gonaki. Abin sai gaba ya yi ta yi.

Matarsa Zinatu, kin san ta da naci, ita ta ja mu wurin Malam Waliyyu, malamin asibitin da aka dawo da shi daga Sakkwato bayan an ba mu jiha. Ya ce ba iska ba ce, ba kuma ragwanci ba. Wai a cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri mai aikin gadi, wanda ke ta da jiki tun kafin tunani ya iso, to nasa tun ranar haɗarin bai koma ya zauna ba. Ya koya masa jan numfashi a hankali da fitar da shi a hankali ƙwarai, don jiki ya gane babu abin gudu. Ya ce ɓoye masa mota da muke yi ƙara abin yake, gara ya riƙa kusantarta kaɗan-kaɗan, tare da mutumin da zuciyarsa ta fi natsuwa da shi. Da ya tambaye shi wane ne, na zaci ke zai ambata ko matarsa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce Inna, wato ni. Iklima, na rasa inda zan sa fuskata.

Ga Alhaji Isa mai motar ya aiko cewa in an fara lodin albasa bai iya tuƙi ba, zai ba wani direban. Ya yi haƙuri da mu, ban ga laifinsa ba. Amma yaron nan bai san wata sana'a ba, kuma ina tsoron in ya rasa ta ya karaya gaba ɗaya.

Shekaranjiya na danne kunyar ɗan fari na bi shi tasha, mata na kallona. Muka hau gaban motar tana tsaye, aka tayar da inji. Jikinsa ya ɗauki ɓari, ni ma nawa haka. Na yunƙura zan sauka, sai ya ce, "Inna, zamna, kak ki tahi." Na zauna muna numfashin tare har rawar ta lafa. Ashe hannunsa na riƙe ban sani ba. Rabona da taɓa shi tun ranar da kika goya shi kika tafi da shi yaye.

Ranar kasuwar Jega zai gwada jan ta da kansa, ina gefensa. Gabana faɗuwa yake, ki taya mu da addu'a.

Ki gaida maigidanki, da Amatullah da Lukman. Malam da Zinatu suna gaishe ki. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarki,
Tabawa