Kayena Ya Raba Ni da Fada

Talata. Kai awaki wurin makiyayi: an yi.

Zuwa ga yayata Rahinatu a Abijan. Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara, Allah Ya ƙara muku lafiya. Mu nan Tawa kalau muke. Inna ta koma Afala, ƙafar ta yi sauƙi.

Yaya, kin tuna Yunusu tela, wanda bai taɓa ɗinka wando ƙafafu daidai ba? To, wata takarda ta fita a waya da sunansa da hotonsa, wai jami'in leƙen asiri ne. Shekara shida muna shan shayi da shi a fada, majalisarmu ta hira. Rediyon da ke bayan masu mulki ta ce jarumi ne aka ci amanarsa, a nemo wanda ya tona. Rediyon da ke sukarsu kuwa ba ta ko ambaci mai tonawar ba, sai lissafa masu tsegumi a unguwanni take, ta ce akan gane su da yawan rubutu. Yunusu ya rufe shago ya ɓace, ido ya dawo kaina da kayena, littafin nan da nake rubuta abin da ya faru kullum tun muna 'yan makaranta a lakkwal.

Da na iso fada sai hira ta koma kan ruwan sama. Tanko mai dafa shayi ya tsallake ni har zagaye uku. Na yi shawara da kaina kwana biyu, na ga gaskiya ce mafita, sai na karanta musu kayen da ƙarfi don su ji babu siyasa ciki. Babu kuwa. Amma akwai ranar da Tanko ya ce tuwon surukarsa zai iya toshe rijiya, ga ƙanen matarsa zaune. Akwai ranar da Nasiru na fadarmu ya ce yana Tabalak alhali yana gida. Yanzu duk sun yarda ni ba ɗan leƙen asiri ba ne. Tanko ya ce da ma ɗan leƙen asirin ne ni, don Yunusu bai taɓa karanta wa kowa ba. Sun ɗauke tabarmata.

Don Allah ki kira Tanko, yana jin nauyinki. Ko kuwa laifina ne? Ki faɗa mini.

Ki gaida maigida da Samira da Lalla. Matata Hajara na gaishe ki, tana ta dariya har yanzu.

Ƙanenki, Mansur.

Gobe:
Gyara ƙofar garke.
Ba surukar Tanko haƙuri.
Cin tuwonta, in ta zuba, har da neman ƙari.