Sa Hannu Ɗaya Tsakanina da Amsar Mahaifina

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Ɗakin Karatu na cibiyarmu ta bincike, Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ranka ya daɗe, na rubuto maka a bainar jama'a ne saboda takardu biyu na bari wajen sakatarenka, har yau ban ji ko tari a kansu ba.

Sunana Rabi Sanda, Bagobira daga yankin Maradi, malamar tarihi a wata makaranta a unguwar Banifandu, nan Yamai. Ina bincike a kan mutanenmu da aka sayar zuwa Amurka tun tana hannun Turawan Ingila. A wancan zamani, in bawa ya gudu, ubangidansa kan buga cigiya a jarida ya siffanta shi: tsawonsa, tufarsa, wani lokaci har da tsagen fuskarsa. Hotunan waɗannan tsofaffin jaridu suna cikin wani rumbun karatu na intanet, wanda aka buɗe wa cibiyarmu na ɗan lokaci don gwaji, kafin azumi.

Mahaifina wanzami ne ɗan wanzami. Ya tsufa ƙwarai, kuma yana wurina tun da hawan jini ya sa muka ɗauko shi daga gida. Bai taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma fuska littafi ce a wurinsa. Nakan kwafo siffar tsage in fassara masa, ya rufe ido ya saurara. Mafi yawa cewa yake wannan aska ba ta ƙasar Hausa ba ce, bai san ta ba. Ba ya ƙarya don ya faranta mini.

Wata Alhamis na ci karo da cigiyar wani mutum mai tsage daga gefen baki, sun bazu sun nufi kunne. Kafin in kwafe, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Da na ba Baba labari, sai ya tashi zaune, abin da ya daɗe bai yi da kansa ba. Ya tambaye ni tsage nawa ne a dama, nawa a hagu. Na ce ban riƙe ba. Ya ce in koma in ƙirgo, don shi ba zai ba bawan Allah garin da ba nasa ba. Ranar Litinin na koma, na tarar wa'adin gwaji ya cika, rumbu ya rufe.

Ga ƙorafina, ranka ya daɗe.

Na ɗaya. Masu rumbun ba su nemi komai daga cibiya irin tamu ba sai takarda guda mai sa hannunka da hatiminka. Ni na cike ta. Sakatarenka ya ce ba ka sa hannu a kan Ingilishi, na zauna na mayar da ita Faransanci, layi bayan layi, na haɗa su biyu a dosiye ɗaya, wato fayil. Tana nan bisa teburinka tun kafin ƙaramar Sallah, in ba a ɗora mata kwanon abinci ba.

Na biyu. Sau bakwai ina barin ɗalibaina in shiga motar haya ta faba-faba in zo bironka, wato ofishinka. Yau kana taro, gobe ka tafi Doso, jibi ka je ta'aziyya. Allah ya jiƙan musulmi. Amma sau biyu a cikin bakwai ɗin motarka na nan ƙarƙashin itacen bedi, kuma na ji muryarka ta bayan ƙofa kana dariya.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Ranar da na tare ka a bakin bene, ko tsayawa ba ka yi ba. Ka ce tarihin Amurka ba namu ba ne, in je in binciki sarakunanmu. To, mutumin nan da aka tsaga wa fuska yana jariri a hannun uwarsa, aka kai shi bayan teku, ya gudu da ƙafarsa, na wane ne? Ban ce Bagobiri ne ba. Wataƙila ba shi da haɗi da mu ko kaɗan. Abin da nake son sani ke nan, kuma kai ka hana. Turawan da suka tara jaridun ba za su iya karanta fuskar nan ba. Wanda zai iya yana kwance a tabarma a gidana.

Na huɗu. Allon da ke tallar rumbun yana nan a ƙofar ɗakin karatu. Da idona na ga kana nuna wa baƙi shi. Wallahi na ji kunya a madadinka.

Tun daga Alhamis ɗin nan, kullum na dawo gida Baba sai ya tambaye ni ko na ƙirgo. Tun ina cewa gobe, har na koma shigewa ɗaki da sauri kamar marar gaskiya. Makon jiya jinin ya buge shi. Harshensa ya tafi, ɓarin jikinsa na hagu ya mutu. Yana ji, yana ganewa, kuma hannun dama, wanda ya riƙe aska duk rayuwarsa, yana motsi. In na tambaye shi abu, yakan ɗaga yatsa ɗaya don i, biyu don a'a. Likita ya ce mana kada wani ya yi tafiya mai nisa.

Saboda haka roƙona kaɗan ne. Ka sa hannu, ka buga hatimi, cikin makon nan. In ba za ka yi ba, ka rubuta mini dalili, in karanta wa Baba, don ya san ba sakacin 'yarsa ba ne. Kuma kafin a buɗe rumbun, a sauke allon nan.

Ban yafe ba tukuna, ba zan ɓoye maka ba. Duk da haka ina yi maka addu'a, Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya maka zuriya, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya. Ranar da ka tsufa ka aiki ɗanka da tambaya, Allah ya sa ya dawo maka da amsa kana da bakin cewa madalla.

Wassalam.

Rabi Sanda,
Banifandu, Yamai.