Waya ta ce 212, kwamfuta ta ce tara

Litinin, 3 ga Yuni, 2024
Manhajar da ka tara mini labarai ta haukace. Waya ta ce saura labari 212 ban karanta ba. Kwamfutar da nika bari gida ta ce tara. Kuma asusu guda na. Ɗayarsu na ƙarya.

Talata, 4 ga Yuni
Na jona su da intanet don su daidaita. Waya ta koma tara. Wai na karanta ɗari biyu da uku. Ni? Yaushe?

Alhamis, 6 ga Yuni
Na goge manhajar, na sake saukewa, data ta ƙare. Na hau tudun bayan makaranta neman sabis, ɗalibai na kallon malamin lissahi ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Dikko, malamin kimiyya, ya ce wani na ka shiga asusuna. To, shi kaɗai ya taɓa riƙa wayata. Ban amsa gaisuwarshi ba.

Asabar, 8 ga Yuni
Ina cin tuwo, Zinatu matata ta ce, "Malam, ka yi rajistar taki mai rangwamen? Litinin za a ruhe."
Ni da aka kira Rediyon Anka ban ji ba! Na ce ina ta ji wannan. Ta ce a kwamfutata. Ashe ajin yaƙi da jahilcin da nika yi mata dariya a kai ya kama. In na tahi makaranta sai ta buɗe. Gida ba intanet, shi ya sa waya ba ta sani sai an jona.
Na ce, "Duka kinka karanta?"
"Na Hausa dai. Na Turanci hoto nika dubawa."
"Taran nan hwa?"
"Ƙwallo na. Na bar maka."

Litinin, 10 ga Yuni
Na samu rajista da ƙyar. Na kai wa Dikko goro. Bai tambayi dalili ba, Allah shi saka mishi.

Laraba, 12 ga Yuni
Na yi niyyar canza kalmar sirri. Ban samu sarari ba.
Da sahe ina shan kunu ta karanta mini labarin farashin masara a Gummi. Ta yi tuntuɓe wuri huɗu, ban gyara mata ko ɗaya ba, da kanta ta koma ta gyara. Na makara. Hedimasta ya tambaya, na ce babur na ya ƙi tashi.